Gidaje Huɗu na Weeksville: Yadda Tarihin Baƙar Fata Ya Ɓace a Birni, da Yadda Aka Ceto Shi



Abin da za mu duba a yau shi ne tarihin wata unguwa ta Baƙar fata mai suna Weeksville, wadda take a yankin Brooklyn na birnin Niyok a ƙasar Amurka. Za mu ga yadda aka kafa ta, da yadda birni ya haɗiye ta har aka manta da sunanta, da kuma yadda aka sake gano ta. Dalilin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne, mutanen da hukuma ba ta damu da rubuta labarinsu ba, gidajensu da hanyoyinsu da maƙabartunsu su ne shaidarsu. Idan aka rushe waɗannan, sai a wayi gari ana musun cewa sun taɓa yin wani abin kirki a wurin.

Jihar Niyok ta kammala soke bauta a shekarar 1827. To amma tun a 1821 tsarin mulkin jihar ya gindaya sharaɗi cewa Baƙar fata ba zai jefa ƙuri'a ba sai ya mallaki fili ko gida wanda darajarsa ta kai dala 250, sharaɗin da ba a ɗora wa Turawa irinsa ba. Saboda haka mallakar ƙasa ta zama ita ce ƙofar samun 'yanci na sosai. A 1838 wani ɗan dako a tashar jiragen ruwa, James Weeks, ya sayi fili a bayan garin Brooklyn, waɗansu kuma suka bi sahunsa, har wurin ya ɗauki sunansa. Kafin ƙarshen shekarun 1850 mazauna unguwar sun haura mutum 500. Sun gina makaranta da majami'u da gidan marayu da gidan tsofaffi. A 1863, sa'ad da aka yi tarzoma a Manhattan kan dokar ɗaukar soja dole, aka far wa Baƙar fata da kisa da ƙone-ƙone, da yawa daga cikinsu nan suka gudo suka sami mafaka. A 1866 aka buga wata jarida a unguwar mai suna Freedman's Torchlight, wadda take ɗauke da darussan koyon karatu domin bayin da aka 'yanta. A nan ne kuma Susan Smith McKinney Steward ta tashi, wadda a 1870 ta zama mace Baƙar fata ta farko da ta sami shaidar likita a jihar.

To, yaya aka yi gari irin wannan ya ɓace? Ba yaƙi ne ya ci shi ba, bunƙasar birni ce. Bayan an buɗe gadar Brooklyn a 1883 jama'a suka kwararo, aka shata sababbin tituna a miƙe, suka ratsa ta kan tsofaffin hanyoyi, aka maye gidajen katako da na bulo. A 1941 aka gina rukunin gidajen gwamnati a kan wani sashe na unguwar. Sannu a hankali sunan Weeksville ya fita daga taswira, ya fita daga bakin mutane.

Abin da ya sami Weeksville a hankali, ya sami waɗansu unguwanni farat ɗaya. Dokar gidaje ta 1949 ta bai wa birane kuɗin rushe wuraren da aka kira lalatattu, dokar manyan hanyoyi ta 1956 kuma ta ba da kuɗin shimfiɗa tituna ta tsakiyar birane. Masu zanen taswira suka riƙa bi ta inda fili ya fi araha, inda kuma mazauna ba su da bakin magana a majalisa, watau unguwannin Baƙar fata. Da haka aka share unguwar Black Bottom a Detroit, aka raba Overtown a Miami, aka kuma sare itatuwan titin Claiborne a New Orleans a 1966 aka ɗora gada a kansa. Ko da aka kafa dokar kare wuraren tarihi ta ƙasa a 1966, ma'aunin da aka fi aiki da shi shi ne ƙayatuwar gini da shaharar mai shi. Gidan katako na ɗan dako ba ya cika wannan ma'auni, komai nauyin abin da ya faru a cikinsa.

A 1968 wani malamin tarihi, James Hurley, ya ci karo da sunan Weeksville a wani tsohon littafi, ya nemi wurin a ƙasa bai gan shi ba. Sai shi da wani matuƙin jirgin sama, Joseph Haynes, suka yi shawagi a kan unguwar. Daga sama suka hangi ƙananan gidajen katako guda huɗu a ɓoye bayan waɗansu gine-gine, sun karkace, ba su fuskanci titin zamani ba. Ashe suna fuskantar wata tsohuwar hanya ce mai suna Hunterfly, wadda ta riga ta shafe. Karkatar nan ita ce ta tona asirinsu.

A nan ne darasin yake. Ba hukuma ce ta fara ɗaukar nauyin ceton gidajen ba, mutanen unguwa ne, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Yan makarantar firamare ta unguwar suka shiga aikin tonon ƙasa a wani wuri da ake shirin rushewa, suka tara kuɗi da kwabo-kwabo, suka kuma je gaban hukumar birni da abubuwan da aka tono. A 1970 birnin Niyok ya sa gidajen cikin wuraren da doka ta kare, a 1972 kuma aka shigar da su rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Wata mai zane, Joan Maynard, ta shafe shekaru fiye da ashirin tana jagorancin ƙungiyar da ta sayi gidajen, tana neman kuɗin gyara. Sai a 2005 aka kammala gyaran aka buɗe su sosai ga jama'a, watau shekara 37 bayan gano su. Ku lura da wannan tsawon lokaci. Sa hannu a takardar kariya aikin yini ɗaya ne, amma rufin da yake yoyo kuɗi yake nema kowace damina. Har a 2019 cibiyar ta kusa rufewa saboda rashin kuɗi, sai da jama'a suka yi karo-karo, sa'an nan birni ya sa ta cikin cibiyoyin al'adu da yake ba kuɗi kowace shekara.

Irin wannan ya sake faruwa a Manhattan a 1991, sa'ad da masu haƙa harsashin wani ofishin gwamnatin tarayya suka ci karo da maƙabartar 'yan Afirka ta zamanin bauta. An tono ƙasusuwan mutum 419. Sai da Baƙar fatan birnin suka tashi tsaye kafin a dakatar da aikin. An sake binne su a 2003, aka mai da wurin abin tunawa na ƙasa a 2006. Mutane da yawa sai a lokacin suka yarda cewa bauta ta yi ƙarfi a arewacin Amurka ma, ba a kudu kaɗai ba. Gani ya kori ji.

Sauran matsala ɗaya, wadda ba a warware ba har yanzu. Idan tsohuwar unguwa ta yi suna, masu kuɗi sukan shigo, haya da haraji su tashi, jikokin waɗanda suka kafa ta su kasa zama. Sai a sami gini a tsaye da allo a jikinsa, amma waɗanda suka san labarinsa sun watse. Don haka kare wurin tarihi bai cika ba sai an haɗa shi da kare mazaunansa.

Ku ɗalibai, gobe ku ne za ku rubuta tarihi, ku tuna cewa ba dukan shaida ce take cikin takarda ba. Ku kuma ma'aikata, musamman na ofisoshin filaye da tsara birane, layin da kuke ja a taswira yana bi ta kan gidan wani. Kafin a kawo motar rusau, a tambayi tsofaffin wurin abin da yake nan, a rubuta, a auna. Titi ana iya karkatar da shi, amma gidan da aka rushe ba ya dawowa.