Daga Kuɗin Laraba zuwa Ilimi Kyauta

A zamanin da, mutumin Dogarawa bai san wani haraji a kan neman ilimi ba illa kuɗin Laraba, wato ɗan abin da almajiri kan miƙa wa malaminsa a ƙarshen makon karatu; wanda kuwa iyayensa ba su da hali, ba safai akan kore shi daga gaban allo ba, domin malamai sun ɗauki koyar da Alƙur'ani ibada ce, sakamakonta yana wurin Ubangiji.

Da boko ya zo, sai rabo ya bambanta. Makarantun mishan suka kafu a Sabon Gari, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Samaru a 1962, amma ɗan manomin da ke maƙwabtaka da su, galibi hange kaɗai ya samu. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta shelanta ilimin firamare kyauta, yara suka yi ambaliya alhali ba a tanadi isassun malamai ba. Dokar 2004 kuma ta wajabta karatun shekara tara ba biya.

Sai dai littafi da kayan makaranta, har yau yawanci uba ne ke saye.