Yaƙin da Ya Buɗe wa Mata Ƙofar Banki

Kafin 1914, aikin banki a Birtaniya na maza ne. Matashi kan shiga a matsayin ƙaramin akawu, ya duƙufa kan littafin lissafi, da fatan a nan zai tsufa. Babban Bankin Ingila ya fara ɗaukar mata tun 1894, amma 'yan kaɗan ne, kuma aikinsu tantance takardun kuɗin da suka tsufa, nesa da idon jama'a.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a watan Agustan 1914, sai aiki ya ƙaru, ma'aikata kuma suka ragu. Gwamnati ta shiga karɓar rance daga hannun jama'a domin ɗaukar nauyin yaƙi, kuma duk wanda ya ba da rancen sai an rubuta sunansa, an lissafa abin da za a riƙa biyansa. A daidai lokacin ne akawuna ke tafiya fagen fama, da fari don raɗin kansu, daga 1916 kuma bisa dokar shiga soja tilas. Bankuna suka waiwayi mata, suka ɗauke su da sunan ma'aikatan wucin gadi, a kan albashin da bai kai na maza ba.

Bankuna da dama sun yi wa mazan da suka tafi alkawarin riƙe musu gurabensu. Wasu ba su dawo ba. Har yau sunayensu na kan allunan tunawa a manyan ofisoshin bankunan. Waɗanda suka dawo bayan 1918 suka karɓi kujerunsu, aka sallami mata da yawa. Sauran aka mayar da su ga buga tafireta, tare da sharaɗi mai tsauri: wadda ta yi aure, ta bar aiki.

A 1939 yaƙi ya sake kwashe maza, aka sake neman mata, wannan karon ana aiki ƙarƙashin barazanar bama-bamai, har wasu sassan bankuna suka ƙaura daga Landan zuwa karkara. Duk da haka, sai a 1958 bankin Barclays ya naɗa Hilda Harding manajar reshe, mace ta farko da ta riƙe irin wannan muƙami a Birtaniya. Shekaru 44 ke nan bayan ɓarkewar yaƙin da ya nuna cewa mata sun iya aikin.