Tuwon shinkafar da ya ƙetare teku

Wani mai karatu daga Gawon Nama a Sakkwato ya aiko da tambaya: wai da gaske ne shinkafa da waken Jamaika daga wurinmu ta samo asali, kuma akwai abinci mai sunan Hausawa a can ƙetaren teku? Malam, rabin maganar gaskiya ce, amma a Barazil take, a jihar Bahiya. Sunan abincin arroz de hauçá, shinkafar Hausawa, kuma da soyayyen busasshen nama ake cin ta.

Hanyar da ta bi ba ta da daɗin ji. Bayan ɓarkewar jihadi a 1804, yaƙi ya tara kamammu daga ɓangarorin biyu. Fatake suka kora su kudu har bakin ruwa, Ikko da Badagiri, jirage suka kwashe su zuwa ƙasar rake. A Mayun 1807 gwamnan Bahiya ya bankaɗo shirin boren bayi Hausawa a birnin Salbado. A 1809 da 1814 kuwa sai da jini ya zuba.

Mutanenmu sun fi son labarin boren Janairun 1835, wanda aka tayar a Salbado a goman ƙarshe na azumi, har wasu marubuta suka ce jihadin Shehu ne ya ƙetare teku. Masanin tarihi João José Reis ya bi takardun shari'ar waɗanda aka kama ɗaya bayan ɗaya, ya tarar mafi yawansu Yarbawa Musulmi ne, Hausawa ƙalilan. Ni na fi gamsuwa da shi, ko da hakan ya rage mana abin taƙama. Ba a rasa sawunmu ba ai, yana cikin tukunya.

Manuel Querino, baƙar fata ɗan Bahiya da ya rasu a 1923, ya bar littafi kan girkin jiharsa, aka buga a 1928. Ya ce ana dafa shinkafar nan ba gishiri, a tuƙa ta da cokalin katako har ta haɗe wuri guda, a ɗaure ta da garin shinkafa. Karanta wa kowace uwargida a Gawon Nama wannan, za ta ce tuwon shinkafa ne, ba sai an kai ta Barazil ba. Miyar ce ta sauya: yaji, albasa, busasshen jatan lande da manja, yau har da madarar kwakwa.

Batun Jamaika kuwa hujjarsa ba ta da ƙarfi. Ingila ta haramta fataucin bayi a 1807, kuma mafi yawan waɗanda aka kai tsibirin daga yankin Gana ta yau da ƙasar Ibo suka fito. Ƙosan Bahiya da na Tirinidad ma sunan akarar Yarbawa suke ɗauke da shi. Tuwon dai namu ne, sauran mu bar wa masu shi.