Furosesar Kwamfutar Tebur da ta Uwar Garke: Kwatancen Ƙarfin Aiki Bisa Yanayin Andarai, Jega da Aliero

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta furosesa biyu da kamfanin AMD ya fitar a 2022 bisa tsarin ƙira ɗaya mai suna Zen 4: Ryzen 9 7950X ta kwamfutar tebur, da EPYC 9654 ta uwar garke, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima. An dogara da alƙaluman da kamfanin ya bayyana da kuma ƙa'idar Amdahl. Sakamakon ya nuna cewa da zarar ɓangaren aiki da ba ya rabuwa ya haura kashi 9 cikin 100, uwar garke ta rasa fifikonta na sauri.

Gabatarwa

Kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi a Aliero a 2006, da komawar jarrabawar JAMB kan kwamfuta kacokan a 2015, sun ƙara yawan masu hulɗa da kwamfuta a wannan yanki, tun daga shagunan buga takardu na Jega har zuwa ɗaliban Andarai a ƙaramar hukumar Maiyama da ke neman gurbin karatu. Akwai fahimtar da ta yaɗu tsakanin masu sayayya cewa duk na'urar da aka kira uwar garke ta fi ta tebur sauri, tunda ta fi tsada. Wannan fahimta ce maƙalar ta ɗora a kan ma'auni.

Hanyar bincike

An zaɓi waɗannan biyun ne domin ƙwayoyin sarrafawarsu iri ɗaya ne, saboda haka bambancin da za a gani na tsari ne, ba na zamani ba. Ryzen tana da ƙwayoyi 16, saurin bugunta na tushe gigahaz 4.5 ne, yana kuma hawa har 5.7. EPYC tana da ƙwayoyi 96, daga gigahaz 2.4 zuwa 3.7. Wutar da aka ƙayyade wa ta farko wat 170 ce, ta biyu kuma 360. Farashinsu lokacin fitowa dala 699 ne da dala 11,805.

Ƙa'idar da Gene Amdahl ya gabatar a 1967 ta raba kowane aiki gida biyu: wanda dole ƙwaya ɗaya ta yi shi bi da bi, da wanda za a iya rarraba wa ƙwayoyi da yawa. A nan an lissafa kashi na farko da ƙololuwar gudun kowace furosesa, na biyu kuma da saurin tushe sau yawan ƙwayoyi, wato 72 ga Ryzen da 230.4 ga EPYC. Lissafin ya ɗauka cewa babu jinkiri daga ma'adanar RAM ko faifan ajiya.

Sakamako

Idan aiki na rabuwa ɗari bisa ɗari, EPYC ta ninka Ryzen sau 3.2, alhali ta ninka ta a farashi kusan sau 17. Idan kashi 1 cikin 100 ne kawai ba ya rabuwa, ratar ta sauko zuwa 2.2. A kashi 9 sun yi kunnen doki. A kashi 50 kuwa Ryzen ce a gaba da sau 1.45, a aikin ƙwaya ɗaya zalla kuma da sau 1.54.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba ya fito a ɓangaren ma'adana. EPYC tana da hanyoyin RAM 12 masu ɗaukar gigabait 460.8 a daƙiƙa, Ryzen kuwa hanyoyi 2 ne masu ɗaukar 83.2. Ratar kamar sama da ƙasa. Amma idan aka raba wa ƙwayoyi, kowace ƙwayar EPYC ta sami 4.8, ta Ryzen 5.2. Haka ma'ajin kusa na L3: megabait 384 da 64, wato 4 ga kowace ƙwaya a duka biyun. Ashe hanyoyin nan 12 ba don ƙara wa ƙwaya gudu aka yi su ba, an yi su ne don kowace daga cikin 96 ɗin ta sami rabonta.

Inda uwar garke ta yi zarra shi ne tsimin wuta: wat 3.75 ga kowace ƙwaya, Ryzen kuwa 10.6. Sai dai wannan tsimi yana tabbata ne kawai idan ƙwayoyin duka suna kan aiki.

Tattaunawa

Akasarin abin da ake yi a shagon kwamfuta na Jega ko ofishin makaranta a Andarai, kamar buga wasiƙa, tsara katin biki da cike fom a intanet, aiki ne na mutum ɗaya, kuma babban kasonsa bi da bi ake yin sa. Sayen EPYC domin irin wannan tamkar ɗauko tirela ce don kai buhun albasa ɗaya daga Aliero zuwa kasuwar Jega: za ta kai shi, amma mai babur ya riga ta dawowa. Ko ɗalibin injiniya mai gwajin lissafi ya kamata ya fara tantance kashi nawa na manhajarsa ke rabuwa, domin manhajoji da dama ba a rubuta su don ƙwayoyi 96 ba.

Shafin rajistar jami'a da cibiyar jarrabawa lamarinsu daban ne. Buƙatar kowane ɗalibi ba ta jiran ta ɗan'uwansa, saboda haka aikin na rabuwa sosai. Duk da haka, a ra'ayin wannan maƙala, ba sauri ne hujjar sayen uwar garke a irin waɗannan wurare ba, domin buƙatun 'yan ɗaruruwan ɗalibai masu amsa tambayoyin zaɓi ba su isa su cika ƙwayoyi 16 ba. Hujjar ita ce aminci. Binciken da Schroeder da Pinheiro da Weber suka wallafa a 2009 kan kwamfutocin Google ya gano cewa sama da kashi 8 cikin 100 na sandunan RAM suna samun kuskure a shekara. Ma'adanar ECC tana gano kuskuren ta gyara shi kafin ya gurɓata makin ɗalibi. Ryzen ma tana karɓar ECC, amma sai in allon da aka ɗora ta ya amince, kuma ba kowane allo ba ne. Uwar garke ta gaske tana kuma zuwa da na'urorin ba ta wuta guda biyu da hanyar kula da ita daga nesa ko da ta mutu.

Sai batun wuta da zafi, wanda a Kebbi ba ƙaramin abu ba ne. EPYC mai aiki ba hutu tana shan yunit 8.64 a rana ita kaɗai, ban da RAM da fankoki, Ryzen kuwa 4.08 bisa ƙayyadadden wat ɗinta, ko da yake takan haura har wat 230 idan aiki ya yi tsanani. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya ɗaki ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar digiri 18 zuwa 27 ga ɗakin uwar garke, alhali zafin bazara a nan yakan wuce 40. Kenan na'urar sanyaya ɗaki ta zama dole, ita ma da nata kason daga janareto ko sola, ga kuma ƙurar hunturu mai toshe matatun iska. Furosesar da ta yi zafi tana rage gudunta da kanta, sai kuɗin da aka biya don sauri ya tafi a banza.

A 2024 AMD ta fitar da jerin EPYC 4004, cikinsu har da 4564P mai ƙwayoyi 16 da saurin 4.5 zuwa 5.7 da wat 170, wato alƙaluman Ryzen 9 7950X sak, amma a kan allon uwar garke mai tabbataccen ECC. Ga cibiyar jarrabawa ko tsangayar jami'a a wannan yanki, 4564P ta fi EPYC 9654 dacewa da wutar da ake da ita, muddin aikin bai wuce abin da hanyoyin RAM 2 za su ɗauka ba.