Taƙaitaccen Tarihin Kwatarkwashi da Dutsenta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, mun ga ya kyautu mu ɗan gutsura wa jama'a tarihin Kwatarkwashi, domin wanda zai aza harsashi ya kamata ya san ƙasar da yake haƙawa.

Kwatarkwashi tana gabas da Gusau, cikin ƙasar Bunguɗu, a bakin hanyar da ta nufi Tsafe da Funtuwa. Matafiyi yakan hangi dutsenta tun daga nesa. Masu tarihin baka sun ce wani maharbi mai suna Mangul ne ya fara zama a wurin. Abin da ya tara mutane kuwa shi ne tsaro, gama a zamanin hare-hare wanda ya hau dutse ya tsira, sa'an nan ga ƙasar noma a gindinsa. Mutanen farko Maguzawa ne, suna girmama iskokin dutsen, suna kuma yin bikin Baura, watau bikin kamun mikiya.

A wancan zamani wannan yanki, har da Tsafe da 'Yandoto, shi ake kira Katsina Laka. 'Yandoto kuwa gari ne na malamai wanda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashe masu nisa. Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗaga tutar jihadi a 1804, malamanta suka ƙi bin sa, har Muhammadu Bello ya ci garin wajen 1806. Daga baya Malam Sambo ɗan Ashafa, almajirin Shehu, ya kafa Gusau. Da haka karatu ya yi ta yaɗuwa, mutanen dutse suka riƙa saukowa fili, bikin Baura ya gushe.

Turawa suka ci Sakkwato a 1903, hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Gusau ta kai Ƙaura Namoda a 1929, aka kuma ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Sarkin Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar ya hau gadon sarauta a 1961, ya rasu a 2022, Allah Ya ji ƙansa.

To, jama'a, fitinar 'yan bindiga ta watsa ƙauyuka da yawa a ƙasar nan, dattawan da suka riƙe waɗannan labarai kuma suna ƙarewa. Muna roƙon kowane mai tsoho a gida ya zauna da shi, ya rubuta abin da ya ji, ya kawo a adana a wannan masallaci domin 'yan baya. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.