Tabar wiwi da doka: daga Kaliforniya zuwa bakin iyakar Ƙonni

Akwai wata magana da ke yawo a fada wajen shan shayi, daga Ƙonni zuwa Malbaza har Illela, kuma duk mai zama da samari ya taɓa jin ta: "Ai Turawa sun halatta wiwi, likitocinsu ma na rubuta ta, mu ne anka bari baya." Yaro ya ciro waya ya nuna maka shago a Amurka inda ake auna ganyen bisa sikeli kamar suga. Dattijo ya ce ƙarya ne, yaro ya ce ga shi ka gani da idonka, gardama ta tsaya nan. To, bidiyon ba ƙarya ba ne. Sai dai akwai tarihi a bayansa, kuma shi muke so mu bi yau.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ba Turawa ne sunka fi matsawa a hana wiwi a duniya tun farko ba. A taron Janeba na 1925, wakilin ƙasar Masar ne ya dage sai an sa ta cikin kayan da za a sa wa ido, don yadda hashish ya addabi mutanensu. A 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗa dokokin ƙwaya cikin yarjejeniya guda, ta aje wiwi a rukuni mafi tsanani, kusa da hodar heroin. Ƙasashenmu na cikin ɗanyen 'yanci a lokacin, sunka tarar an riga an shata layi, sunka bi.

Kakanninmu taba gari da goro sunka sani. Masana tarihi na danganta yaɗuwar shan wiwi a Afirka ta Yamma da sojojin da sunka dawo daga Indiya da Bama bayan yaƙin duniya na biyu, da kuma ma'aikatan jirgin ruwa na bakin teku. Daga can ta hauro arewa, ta bi hanyar da goro da atamfa ke bi. Nijeriya ta ɗauki abin da zafi ƙwarai: a 1966 gwamnatin soja ta fidda doka, wanda ya noma wiwi hukuncinsa na iya kaiwa kisa, wanda anka kama da ita shekara goma a kaso. Noman bai tsaya ba. A 1975 anka sassauta hukuncin, a 1989 anka kafa hukumar NDLEA, kuma har yau dazuzzukan Ondo, Edo da Delta ne manyan gonakinta. Binciken da anka yi da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta masu shanta a Nijeriya sun kai miliyan 10.6. Doka mafi tsauri da anka taɓa gwadawa a maƙwabtanmu ke nan, ga kuma abin da ta haifar.

Mu nan Nijar, babbar dokar yaƙi da ƙwaya ta zamanin mulkin riƙon ƙwarya na Dauda Malam Wanke ce, mai lamba 99-42, ta ranar 23 ga Satumba 1999. Ta hana noma, sayarwa, ɗauka da sha. Hukumar OCRTIS ta 'yan sanda ke bin masu fataucin. Amma kowa ya san inda Allah ya aje mu: daga Ƙonni zuwa Illela ta Sakkwato tafiyar 'yan mintuna ce bisa kabu-kabu, ga babbar hanyar ƙasa ta ratsa mu, ga mararrabar Tsarnawa mai kai mutum Tawa da Agadas. Hanyar da buhun masara da jarkar fetur za su bi cikin dare, ƙullin ganye ma zai bi ta. Akwai kuma manyan kaya da ba don mu anka yo su ba. A watan Maris 2021 an kama tan 17 na ƙaron wiwi a wani sito a Yamai, kayan da sunka taso daga Lebanan, sunka sauka Lome, ana shirin kai su Libiya. Tan 17, jama'a. Ba ɗan kabu-kabu ne ke da irin wannan jari ba.

To yanzu mu koma Amurka, inda bidiyon yaron nan ya fito. Can ma an hana ta, tun dokar haraji ta 1937, sannan dokar tarayya ta 1970 ta ce ba ta da wani amfani a magani. Abin da ya juya zancen shi ne cutar sida. A birnin San Faransisko mutane na ramewa, ba su iya cin abinci, masu kansa kuma na fama da amai bayan maganin asibiti. Masu jinya sunka lura ganyen na buɗe ciki, yana tsai da amai. A watan Nuwamba 1996 mutanen jihar Kaliforniya sunka jefa ƙuri'a, sama da kashi 55 cikin ɗari sunka yarda maras lafiya ya yi amfani da ita in likita ya ba da shawara. Jihohi sunka yi ta bi ɗaya bayan ɗaya, yau sun haura 35 cikin 50. A 2012 Kolorado da Washinton sunka wuce maganar magani, sunka buɗe wa duk baligi. Gwamnatin tarayya fa ba ta bi su nan take ba. A 2005 kotun ƙoli ta ce jami'an tarayya na da ikon kama mutum ko da jiharsa ta yarje masa. Wato abu guda, halas ga dokar jiha, laifi ga dokar ƙasa, shekara da shekaru.

Maganin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018, Epidiolex, ruwa ne a kwalba, ana auna shi da sirinji don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani. An tace shi ne daga sinadarin CBD wanda ba ya sa maye. Mai sa mayen sunansa THC, kuma shi ne likitoci ke dangantawa da taɓin hankali ga masu yawan sha tun suna ƙanana. Abin da ake naɗewa a takarda bayan tasha, babu wanda ya auna abin da ke cikinsa.

Afirka ma ta motsa. Lesoto ta fara ba da lasisin noma a 2017, Zimbabuwe ta biyo a 2018, Malawi a 2020. A ranar 2 ga Disamba 2020 kwamitin ƙwaya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya cire wiwi daga wancan rukuni mafi tsanani, da ƙuri'a 27 bisa 25. Maroko ta ce e, Nijeriya, Burkina Faso da Togo sunka ce a'a. Maroko ta yi dokarta a 2021, amma larduna uku kacal na tsaunukan Rif, inda dama noman ya daɗe, anka yarje wa, don magani da masana'antu, shan nishaɗi yana nan haramun. Gana ta yarda da irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 ba, kotun ƙoli ta soke sashen a 2022, majalisa ta sake zartar da shi a 2023. Masu cewa manomin albasar Galmi zai yi kuɗi in an buɗe, su dubi Lesoto: kuɗin lasisi ya fi ƙarfin talaka, kamfanoni masu jarin waje sunka kwashe, ƙaramin manomi ya ci gaba da noma a ɓoye.

Shin abin da Kaliforniya ta yi zai yiwu a nan? Ba zai yiwu ba. Gwamnan Tawa ba ya yin doka, daga Yamai take zuwa ga ƙasa duka. A Nijeriya ma, duk da jihohinsu, sha'anin ƙwaya na tarayya ne. Marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, har Tailan ya je a 2019 don ganin yadda ake noman na magani, ya dawo ya yi ta kira, bai iya canza komai a jiharsa ba.

Mu dai a ganinmu, ƙasar da ta kasa hana sayar da tiramol bisa tire a kasuwa ba ta kai matsayin tsare gonar wiwi da lasisi ba. Amma akwai ɓangaren gyaran dokar da ya shafe mu kai tsaye, wanda ba a cika zancensa ba. Dokar Gana ta 2020 ta mai da hukuncin wanda anka kama da ɗan abin shansa tara maimakon kaso. Mu kuwa yaro ɗan shekara goma sha takwas ya shiga gidan kaso don ƙulli guda, ya kwana da ɓarayin shanu, ya fito ya fi da lalacewa, mai siton kuma ba a ga fuskarsa ba. In kan yaron ya taɓu, iyaye su ɗaure shi da mari ko su sai da akuya su kama hanyar Yamai, tafiyar sama da kilomita 400, zuwa sashen masu taɓin hankali na babban asibiti. Mazauna Gidan Idar, Dogarawa, Badagishiri da Tajaye, ku gaya mana a ƙasa: a garinku, ina ake kai irin wannan yaro?