Mahaucin da Ya Nemi Gadon Gidan Tichborne

A watan Afrilun 1854, jirgin ruwa mai suna Bella ya tashi daga Barazil, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Cikin fasinjojinsa akwai Roger Tichborne, magajin wani tsohon gidan masu dukiya a Ingila. Dangi duk sun haƙura, ban da mahaifiyarsa. Ta yi ta ba da cigiya a jaridu har ƙasar Ostareliya.

Can cigiyar ta samu mai amsawa. Wani mahauci a garin Wagga Wagga, wanda aka sani da Thomas Castro, ya ce shi ne Roger. A Janairun 1867 ya gana da tsohuwar a Faris. Ta ce ɗanta ne, ta yanka masa fam 1,000 duk shekara. Sai dai Roger siriri ne, da Faransanci ya tashi. Wannan kuwa ƙato ne, ba ya jin Faransanci.

Maganar ba ƙarama ba ce, domin gadon ya riga ya faɗa hannun ɗan ƙanen Roger, maraya da aka haifa a 1866 bayan rasuwar mahaifinsa. In mahaucin ya yi nasara, an raba yaron da gadonsa.

Tsohuwar ta rasu a 1868, aka shiga kotu a 1871. Wasu barorin gidan da sojojin da suka yi aiki da Roger sun rantse cewa shi ne. Amma wani abokin karatunsa ya shaida cewa Roger yana da zanen tawada a fatar hannunsa, mai ƙara kuwa ba shi da shi. A Maris ɗin 1872 ƙarar ta rushe, aka juyo kansa da tuhumar rantsuwar ƙarya. Bayan zaman kwana 188, kotu ta yanke a 1874 cewa shi Arthur Orton ne, ɗan wani mahauci a Landan, ta ɗaure shi shekara 14.

Rabon gado lissafi ne, kuma lissafi, ko na kwamfuta, ba ya gyara sunan da aka shigar bisa kuskure. Kafin a tambayi nawa ne rabon kowa, sai an tabbatar da wane ne magajin. A lokacin babu gwajin ƙwayoyin halitta, sai tunanin mutane, kuma bege yana iya sa uwa ta ga ɗanta a fuskar baƙo.

Mutumin ya mutu cikin talauci a 1898. Dangin Tichborne suka yarda a sa sunan Roger a kan akwatin gawarsa.